Akushin Iya Gana a Garin Toka

Tun ranar da na dawo, ɗakin Inna bai rabu da baƙi ba. Wannan ta ce, "Halima, da gaske ne a cikin jirgin sama ma ana cin abinci?" Waccan ta ce sai na gwada mata yadda mutanen Italiya suke gaisawa. Binta ta Kafin Hausa har saƙo ta aiko ta bakin masu cin kasuwa, wai kada in ƙarar da labarin kafin ta iso. Ina ba ku da baki, amma kun lura akwai inda in na kai sai in miƙe in ce zan duba tukunya. Ba tukunya nake dubawa ba, murya ce take ƙin fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa saura.

A makarantarmu ta 'yan mata a Kano ana koya mana Latin, harshen Rumawan da, wanda yanzu babu kasuwar da ake ciniki da shi. Malamar 'yar Ingila ce, siririya, a bayan idonta muna ce mata Malama Doguwa. Ban so darasin ba da farko, don kullum wane ya ci garin wane da yaƙi. Sai ranar da ta shigo da hotunan kayan cin abincinsu. Ta ce tukunya ita ce olla. Kwano mai zurfi na zuba abinci catinus, mai faɗi kamar kasko patina. Babban farantin da ake fitarwa in an yi baƙi lanx, abin shan ruwa kuma calix. Ta nuna wani ɗan ƙaramin kwanon gishiri, salinum, ta ce shi ba a sayar da shi ko an talauce, gadonsa ake yi daga kaka zuwa jika. Ranar na gane ashe mutanen nan suna da iyaye mata masu wanke-wanke. Daga nan Latin ya shiga kaina. Da wata ƙungiyar malamai ta ce za ta kai 'yan mata kaɗan Italiya a dogon hutu, Malama ta sa sunana.

Baffa, mahaifina, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ci gaba da ɗaure kwandunan bandar kifinsa. Mahaifiyarsa, Iya Gana, ita ta yanke magana. Ta shiga ɗaki ta fito da baƙin akushinta na itace da faifan rufinsa. Akushin nan na uwarta ne, da shi aka kawo Iya Gana aure daga Guri, yana da tsaga a gefe da aka ɗinke da waya tun kafin a haifi Baffa.

Ta ce, "Ban san abin da suke zubawa a kwanukansu ba. Ki ci a naki." Ta riƙe shi ba ta saki ba. "Aro na ba ki, 'yar boko, ba kyauta ba. Yadda ya fita ƙofar nan, haka zai shigo."

Na ce, "Iya, in jirgin ya faɗo fa?"

"Ki faɗo a ƙasa, shi a samanki."

Damina ce, kogi ya cika ya malale fadama har gindin hanya. Motar da ta ɗauke mu zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori ta kafe a laka, maza suka sauka turi, mu mata aka ce mu zauna mu yi nauyi a baya. Wata mai nono da ke kusa da ni ta leƙa ƙullina ta ga akushi, ta ce, "Amarya, ina ne gidan?" Na ce Rum za ni. Ta ce ba ta san garin ba, amma in ta wajen Nguru ne in kula da sauro.

A Kano na haɗu da sauran, cikinsu har Asabe 'yar Zariya, ƙawata, wadda bakinta ba ya hutawa. Jirgin sama ba zan ce muku komai a kansa ba, don idona a rufe na yi rabin tafiyar, akushi a cinya. Na dai buɗe da aka kawo abinci a kan wasu 'yan tire. Asabe ta ɗaga nata ta ce, "Malama, wannan lanx ne na marowata."

Da muka sauka Rum, masu binciken kaya suka ce a buɗe akwatuna. Wanda ya zo kan nawa ya kwance ƙullin guzurin da Inna ta yi mini, ƙamshin banda da daddawa ya tashi. Ya ja da baya, ya yi atishawa, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sunsuna ya kira wani. Kifin suka karɓe. Daddawar kuwa babu wanda ya yarda ya taɓa ta, sai suka bar mini. Na farkon ya ƙwanƙwasa akushin da yatsa, ya jinjina kai, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ji daɗin wannan.

Masaukinmu gidan sistoci ne, matan coci da ba sa aure. Kansu a rufe kamar namu, tafiyarsu ba ƙara. Wata tsohuwa a cikinsu ta ga ina neman wurin salla, ba ta tambayi kowa ba ta kawo mini ruwa a buta, ta share kusurwar ɗaki, ta fita ta ja ƙofa. A banɗakin akwai wani farin kwano a ƙasa mai famfo, Asabe ta ce na wanki ne, ta jiƙa kallabinta a ciki. Da Malama ta gaya mana cewa na tsarki ne, Asabe ta bar wa sistoci kallabin sadaka.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Rum ruwa ne. A kowace mararraba yana zuba daga bakin dutse, babu mai tsaye da tulu, babu mai rigimar layi. Sai gidan ajiye kayan tarihi. Nan na ga abubuwan da na haddace, a zahiri, a bayan gilashi. Na ga calix na ƙarau mai kaurin ɓawon albasa, wanda ya fi kakannin kakanninmu tsufa bai fashe ba. Na ga lanx na azurfa an zana masa kifaye suna bin juna. Amma inda na daɗe a tsaye gaban wata olla ce ta yumɓu, gindinta baƙi ƙirin da hayaƙi, ba ta da bambanci da tukunyar miyar Inna. Wata mata ta kankare ta da toka tana mita, kamar yadda nake yi. Mutanen da suka ga tukunyar talaka ta cancanci gilashi daidai da farantin sarki, ni dai sun burge ni.

Daga nan muka shiga jirgin ƙasa zuwa Napoli, bakin teku. Garin hayaniya ne, ya fi kasuwar Haɗeja ranar Lahadi. Magana da hannu suke yi, har sai ka ɗauka dambe za a fara, sai ka ga an rungume juna. Gidajen sama ne dogaye, matan ba sa saukowa cefane: kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai kayan miya ya zuba, su janye. Na ce da kulle ya san wannan dabara da an huta da aike.

Mai masaukinmu Sinyora Karmela, wato Uwargida Karmela, gajeriya mai jiki, kullum cikin baƙaƙen kaya. Malama ta ce takabar mijinta take yi, kuma ya daɗe da rasuwa, su tasu takabar ba ta da ranar fita. Da aka gaya mata ba ma cin alade, ta dafe ƙirji kamar an yi mata rasuwa ta biyu, sannan ta ware mana tukunya sabuwa. Na nuna tukunyar na ce, "Olla." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ina magana kamar limamin coci. Taliya suke ci safe da yamma. Na sa Malama ta gaya mata mu ma muna murza taliya a Kano, ta ce ƙarya ne, ta ƙara mini wata. A akushina take zuba mini, da kifi da tumatir, ta tsaya a kaina sai na cinye, ta ja kumatuna.

To, ga inda nake miƙewa in duba tukunya.

Kusa da Napoli akwai dutse mai aman wuta. A zamanin Rumawa ya yi aman da ya binne garuruwa da toka da laka mai zafi, yanzu ana haƙo su. Ɗaya daga ciki aka kai mu. Ana gangarawa ne kamar za a shiga kududdufi, sai ga gari sosai, da tituna da ɗakuna da zane a bango, babu kowa. Itacen garin duk ya zama gawayi amma bai rushe ba: ƙyaure, gado, azarar rufi, baƙaƙe wuluk. Mai yi mana jagora ya ce ko da yatsa kada a taɓa. Akwai wani shago a bakin titi mai dakalin dutse, an binne randuna a cikinsa bakinsu a sama, wai nan ake sayar da dafaffen abinci ga masu wucewa, kamar masu tuwo a tasha. Na tuna shekarar da kogi ya shigo unguwarmu muka fita muka bar tuwo a kan murhu. Mu mun dawo. Su ba su dawo ba.

Da rana ta take muka zauna a inuwa muka ci guzurin da Sinyora ta ba mu. Saura a takarda suka ci, ni a akushi. Da na gama na wanke shi a wani famfo na ma'aikata. Kun san ba a sa akushi a jaka da danshi. Na duba inda rana take, na ga dakalin shagon nan, sai na kife shi a kai, yadda kowaccenmu za ta kife kwano a kan dakalin tsakar gida. Ban yi tunanin komai ba, wallahi. Na ce wa Asabe su yi gaba zan same su, na zaga bayan bango na yi azahar.

Na dawo na ɗauki akushina, na goge da gefen mayafi, na sa a jaka. Sai na ji usur.

Wani ƙaton mai gadi, mai gashin baki, ya taho a guje ya damƙe wuyan hannuna. Tun da na girma namiji bai taɓa riƙe ni ba. Ya fizge jakar, ya ciro akushin, ya ɗaga shi sama yana ihu yana nuna dakalin. Sai a lokacin na ga abin da ya gani: baƙin kwanon itace, tsoho, a garin da duk itacensa baƙi ne, kuma a gaban idonsa na ɗauke shi daga kan dakalin Rumawa na ɓoye. Yana ta maimaita wata kalma, ta yi kama da ta ɓarawo a Latin, na gane sunan da yake kirana. Mutane suka taru. Na ƙwala wa Asabe kira, babu ita. Na yi Turanci, bai ji ba. Na koma Hausa ina cewa, "Na Iyata ne, don Allah na Iyata ne," yana jana.

Ya shigar da ni wani ɗaki mai kantoci har rufi, cike da fasassun tukwane, kowace da lamba a jiki. Ya ɗora akushin a tebur. Wani ma'aikaci ya jawo kwalbar tawada. Na ga za su sa masa lamba su jera shi can sama, ni kuma su kai ni inda ba wanda ya san sunan ubana. Na zauna a ƙasa.

Sai wani tsoho ya shigo, mai tabarau, rigarsa duk ƙura. Shi ne babban masu haƙar. Ya yi mini magana da harshensu, ya gwada Faransanci, na girgiza kai. Ban san daga inda abin ya fito ba, na ji bakina yana cewa, "Catinus aviae meae est." Wato, kwanon kakata ne.

Tsohon ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya jawo kujera ya ce in tashi daga ƙasa, ya kira ni filia, 'yata. Daga nan muka yi magana da harshen matattun garin, a hankali, yana jira in lalubo kalma, in na yi kuskure ya gyara kamar muna aji. Ya tambayi ƙasata, na ce Afirka, bakin wani kogi. Ya ɗauki akushin ya juya shi, ya bi ɗinkin wayar da yatsa, ya kai hanci ya sunsuna. Man shanun Iya Gana ne a ciki, da daddawa, da tumatirin Sinyora. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Amma mai gadi ya rantse da idonsa ya gani, kuma gaskiyarsa ce. Tsohon ya bayyana mini cewa itacen garin nan ya ƙone har zuciya, in nawa baƙinsa a fata ne kawai, magana ta ƙare. Ya ciro 'yar wuƙa ya ɗora a leɓen akushin.

Na yi ƙara na kifa hannuna a kai, wuƙar ta shafi yatsana. Ga tabon nan, wasunku sun tambaye ni na ce gwangwani ne. Latin ɗina duk ya gudu, na rasa yadda zan ce aro ne, na rasa yadda zan ce na yi alkawari. Kalma ɗaya ta rage mini. Na ce, "Salinum." Na nuna akushin, na lissafa da yatsu: uwar kakata, kakata. Na sake cewa, "Salinum."

Ya dubi yatsana, ya dubi akushin. Sannan ya ɗauke wuƙar daga leɓen, ya kife akushin gindinsa a sama, ya juyo da ƙotar wuƙar ya miƙo mini.

Ni na kankare shi da hannuna. Jini yana ɗiga a tebur, na kankare gindin akushin Iya Gana har farin itace ya fito, kamar faɗin farce. Mai gadi ya sunkuyo ya duba. Ya cire hularsa. Wannan ƙaton mutum sai ga shi yana dukan goshinsa yana magana da rufin ɗaki, ya ciro hankici ya ɗaure mini yatsa. A haka Malama Doguwa da Asabe suka faɗo ɗakin suna haki. Asabe ta ce, "Wane ɗan banzan ne ya taɓa ki?" Tsohon ya miƙe ya gaisa da Malama, ya ce mata wani abu da Latin da sauri, ban kama ba. Ta ƙi gaya mini, amma na ga ta share ido.

Ranar da za mu bar Napoli, ana cikin ɗaure kaya, sai ga mai gadin a ƙofar Sinyora, ba kayan aiki, da matarsa a gefe. Ina ganin gashin bakin nan na ruga bayan Asabe. Matar ta ce a kawo akushin. Na ƙi. Sinyora ta zo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana lallashi. Matar ta kwance ƙunshinta ta cika shi da busasshen ɓaure irin nasu, manya masu zaƙi, ta danna, ta ƙara, ta ɗauki faifan ta rufe da kanta. Mijin yana tsaye da hula a ƙirji.

Duk hanyar dawowa ban ga komai ba, tunanin farin tabon nan kawai nake. A Kano har na yi niyyar kai wa masassaƙi ya ƙona wurin da ƙarfe ya baƙanta. Na fasa, don Iya Gana tana gane ƙwaryar da aka taɓa mata ko a duhu.

Na same ta a rumfa tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ajiye akushin. Ta ɗaga faifai ta ga ɓaure.

"Wannan fa?"

Na juye su a tabarma, na kife akushin a gabanta, na ba ta labarin duka, har usur ɗin. Ta sa babban yatsa tana shafa farin wurin.

"Wa ya yi masa wannan?"

"Ni ce, Iya."

"Shi tsohon ya ba ki wuƙar?"

"E. Da a leɓe zai yanka."

"Ya fasa."

"Ya fasa."

Ta ɗauki ɓaure ɗaya ta gutsura da gefen bakin da ke da haƙora. "Wannan kuma na mai gashin bakin ne?" Na ce matarsa ce ta zuba. Ta gyaɗa kai. "To, iyayensu sun koya musu. Ba su dawo mini da shi wayam ba."

Na ce gobe zan kai a baƙanta wurin. Ta ce, "Ki kai a baƙanta me? Tsagar nan ta uwata ce, ranar da ta jefi akuya da shi. Kin ga wani ya goge ta?"

Har yanzu in jirgin ƙasa ya yi usur daga nesa sai in tuna mai gadin nan, kuma ba na iya kife kwano ba tare da na waiga ba. Da magaribar ranar da na dawo, Inna ta kwashe tuwo, Iya Gana ta ce a zuba nawa a akushin. Na ci, na wanke, na kai mata ɗaki da hannu biyu. Ba ta karɓa ba.

Ta ce, "Ina za ki kai mini kwanonki?"